Rumfar Inno a Kwalkwalawa

Sau uku gara ta ci rumfar Inno.
Na ƙarshe ma ba iska anka yi ba,
akuya tas sosa jikinta ga ginshiƙi,
kwano yad durƙusa kan buhunan albasa,
garin icce na zuba kamar tsaki.

Tsohona da azara yay yi aiki,
baƙar giginya mai taurin kai,
gara ta sansana ta koma gida da yunwa.
Yau je ka tambayi kuɗin azara,
kai ma ka koma gida da yunwa.

Nic ce ma Inno, akwai wani katako,
kore-kore, kamar ya kwana cikin kwaɓin lalle.
Tukunyar ƙarfe anka rufe shi,
anka matsa mai magani har ɓargo,
ba shafen baƙin mai na bisa-bisa ba
da ranar Sakkwato ka lashewa kafin azumi.
Tac ce, Jabbi, bakinka ya fi zartonka kaifi.
Nawa?
Nif faɗi.
Tay yi shiru har ladan yag gama kiran la'asar,
sannan tak kwance bakin zane.

Ran Talata munka sauke shi bakin fadama.
Nauyi gare shi, da sauran danshi,
amalanke na kuka tun daga kan gada.
Nomau, yarona, yar rarumi zarto.
Ɗaure hancinka tukuna, nic ce,
wannan garin ba na tuwo ba ne,
kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa fura.

Duk inda zarto yar ratsa, ƙofa ta buɗe.
Mu kan shafe bakin da magani, mu jira, mu ƙara.
Yankakken kai shi dubi sama,
wanda yaz zo da rigarsa shi shiga rami.
Kamu uku munka gina,
tsakuwa a ƙasa don ruwa shi sami hanya,
siminti da ɗan tozo a wuya
kada damina ta zauna tana hira da ginshiƙi.

Ƙusa ma sai an zaɓa.
Baƙar ƙusa in ta shiga nan, tsatsa za ta ci ta
tun mai rumfa bai gama biyan bashi ba.
Fara nis saya, mai rigar tutiya.
Inno tac ce, tutiyar dai ta yi yawa yau.
Na huda kafin in buga, kada baki shi tsage.
Fenti kuwa, nic ce a dakata:
ranar da ɗigon ruwa yan nutse cikinsa,
ranar ya shirya.

Da magariba ina haɗa kayan aiki
nig ga jikarta, Luba, da guntaye cike da zane
ta nufi murhu.
Ban san sanda nij jefar da guduma ba.
Hayaƙinsa dafi ne, tokarsa ta fi!
Inno tat taso: da kuɗina, har ɓarɓashin!
Ban yi musu ba, nata ne.
Niz zauna cikin hasken tocila
nid daddatse su, nib buga ma bencinta takalma huɗu,
sauran nit tura cikin buhu nid ɗaure da kaina.

Ruwa ya zo ya wuce, Rima ta cika ta janye.
Jiya nib bi ta wurin, wai sayen albasa.
Ga gindin ginshiƙi na gabas
gara ta ɗora hanyarta ta jar ƙasa,
tsawon ɗan yatsa,
nan tat tsaya. Ba kowa ciki.

Niƙ ƙwanƙwasa da bayan hannu, yab ba ni amo.
Inno na awo, ba ta ko ɗago kai ba.
Shekara ɗaya ce, Jabbi, tac ce.
Dawo ta bakwai, in muna da rai.
Amma mudun nan sai da tay yi mai tozo.