Kabewar Bayan Kicin

Ruwan ƙarshe ya sauka ran Talata,
bai ko cika kaskon kaji ba.
Tun daga nan sai raɓa
ke ciyar da bayan gidanmu a Ngaundare,
ta zo kafin assalatu, ta tafi kafin hantsi,
kamar baƙuwa mai kunyar a ga sawunta.

Zoɓo ya gama nasa.
Fure ya zube, ya bar jajayen kawuna,
Dudu na tsinka tana zubawa a faifai.
Lallen jikin katanga kuwa
sai bayan magariba yake sakin ƙanshi,
har Bakari mai gyaran babur ya leƙo
yana tambayar wa ya kunna turare.

Kabewar nan ce na kasa gane mata.
Duk damina tana yaɗo,
ta haye rufin kicin, ta sauka kan akurki,
ganye kawai, ba ɗa ba jika.
Sai yanzu da sama ta ɗauke hannu,
sanyin dutse ya sa muka kakkaɓe barguna,
sannan ta buɗe fure uku,
ruwan ƙwai, kowanne ya cika tafin hannu.

Goggo Asta ta ce a tuge ta.
Wai wanda ya zo kasuwa bayan an watse
ba ya tambayar farashi.
Na ce to.
Ban tuge ba.

Shekara talatin ina ɗaga tuta a tashar jirgi,
ni za a koya wa latti?
Jirgin Yawunde ya sha isowa da azahar
alhali da safe ake jiransa,
kuma ban taɓa ganin uwar da ta ƙi rungumar ɗanta
don ya makara ba.

Shi ya sa na mayar da alwalata gindinta,
buta guda, sau biyar,
gwiwoyina suna ƙorafin tsuguno.

Shekaranjiya ƙudan zuma ya shiga na tsakiya,
ya daɗe,
ya fito da gari har a ka.
Yau, ƙarƙashin furen da ya yanƙwane,
na ga wani abu kore,
bai kai ƙwan zabuwa ba.

Dudu ma ta gani, ta kama baki.
Ba mu faɗa wa Goggo ba tukuna.
Na ja ganye na rufe shi, saboda kaji.