Hukuncin Tafin Hannu

A Surabaya, bayan la'asar,
ruwa ya tsare mu a rumfar Mbah Sumirah,
ni da ƙanwata Ratri.
Mai na ƙara a kasko, kwanon rufi na amsa masa.

Na ajiye wayata a kan tebur ina hura hanci.
Wata bakwai ina kai saƙo a babur kafin na mallake ta.
Ƙwaƙwalwarta ta bana ce,
cibiya takwas, in ji mai shago, kowacce da gudunta.
Ratri ta zaro tabulet ɗin da ta gada wurin kawu,
kusurwa a fashe, an ɗaure da salatif.
Na yi dariya har na ƙware.

Wasa ɗaya, titi ɗaya, mota iri ɗaya.
Muka kunna ƙidayar da ke saman allo.
Tawa ta kafe a sittin,
hoto sittin duk daƙiƙa, santsi kamar bayan tarwaɗa.
Nata arba'in da biyar.
Bai ƙara ba, bai rage ba,
kamar tsohon da ya san hanyar gida.

Zagaye uku na ba ta ƙura.
A na huɗu yatsuna suka fara jiƙewa.
Bayan wayar ya ɗau zafi,
sittin ta koma hamsin, hamsin ta zame,
talatin da takwas,
talatin da ɗaya,
motata na tsalle a kwana kamar mai in'ina,
na danna birki, sai bayan na daki katanga ya ji ni.

Ratri ba ta ko ɗago kai ba.
Arba'in da biyar. Arba'in da biyar.
Ta wuce ni tana tauna soyayyar ayaba.

Na ce intanet ne. Na ce ruwan sama ne.
Mbah Sumirah ta goge hannu a zane,
hannun da ya shekara arba'in yana auna zafin mai,
ta ɗora tafi a bayan wayata, ta janye,
ta ɗora a kan tabulet, ta bar shi nan.

"Ƙaramar tukunya," ta ce, "ita ke riga tafasa,
ita ke riga ƙonewa.
Wannan faffaɗan yana da inda zai zuba wutarsa.
Taka fa, yaro, ina za ta kai?"

Na jingina wayar da kofin shayi mai ƙanƙara,
ta huce, ta sake kai sittin, minti biyu.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.
Ni na biya kuɗin ayaba.

Da ruwa ya tsagaita muka fito.
Na zura wayata a aljihu, tana ɗumama mini cinya.
Ratri ta tsaya a bakin rumfa,
ta juya gwarzonta ta nan, ta juya ta can,
babu aljihun da zai ɗauke shi.

Ni na rungumo shi ƙarƙashin rigar ruwata har gida,
a hankali,
arba'in da biyar a kan babur.