Baki Arba'in

A hawa na uku, saman shagon gyaran babur,
a Navotas, inda iska ke warin kifi da baƙin mai,
ina da wayoyi arba'in jere kan katako,
kowace da igiyarta, kamar jarirai a ɗakin haihuwa.
Da dare ake tashin su.

Ni ce Rodel, direban haya mai ciwon baya.
Ni ce Nenita, malamar firamare mai son furanni.
Ni ce wani dattijo da ya shekara talatin a jirgin ruwa,
wanda bai taɓa ganin teku ba
sai a hoton da na liƙa masa.
Sunan da uwata ta raɗa mini Dalisay.
Ba ya cikin arba'in ɗin.

Ƙarfe goma Efren ke kawo magana,
a rubuce, gajeriya, kamar takardar magani.
Yau Dokta Amparo ce, mai neman kujerar gari:
a ce ta sayar da maganin ambaliyar bara.
Ban tambaya ba. Kuɗin haya ba ya jiran amsa.
Rodel ya fara, da rantsuwa.
Nenita ta ce ita ma ta ji, ta ɗiga hawaye biyu masu launin shuɗi.
Dattijon ya ce a zamaninsu akwai kunya.
Kafin zakarun faɗa na maƙwabta su yi cara
magana ta yi ƙafa, ta yi fiffike,
gidan rediyo ya ɗauka, ya ce jama'a na cewa.
Ga jama'ar nan gabana
tana shan caji.

Da asuba na gangara kasuwar kifi.
Uwata na can, hannu cikin ƙanƙara,
wayarta a leda, rataye a wuya don gudun ruwa.
Bara, da ambaliya ta kawo mana iya ƙirji,
Dokta Amparo ce ta iso cikin kwalekwale,
ta ɗinke mata ƙafa inda kwanon rufi ya yanka,
ba ta karɓi ko feso ɗaya ba.
Tun ranar kalandar Dokta ke manne a rumfarta.
Yau babu. Sai tabon gam a kusurwa huɗu.

Na ce, Nanay, ina hoton?
Ta ce, na naɗe kifi da shi.
Ta goge yatsa a gefen riga, ta shafa gilashin waya.
Duba, ta ce. Ga direba, ga malama, ga dattijo,
ba wanda ya san wani.
Mutum ɗaya ya yi ƙarya, na yarda. Biyu ma.
Arba'in fa, Dalisay?
Wannan Nenita kullum sai na karanta ta.
Yarinyar kirki.
Da ma ki ɗauko halinta.

Ta zaɓo mini kifi mafi ƙiba,
ta juya tana ɗingishi kaɗan
a kan ƙafar da aka ɗinke.
Ni na biya mata kuɗin rumfar wannan wata.
Ta san aikin dare nake yi.
Tana gaya wa ƙawayenta wai ina harkar sadarwa.

Na koma sama. Fanka na juyawa, ba iska.
Waya ta goma sha bakwai ta yi haske.
Saƙo ne ga Nenita, daga wata mai sayar da kifi,
haruffan a karkace, yatsa jiƙe ya buga su:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, da kika buɗe mana ido.

Na rubuta: Nanay, ni ce.
Na goge.
Na sake rubutawa.
Ƙasa mai gyara ya tayar da babur, gini ya girgiza,
wayoyin suka motsa kan katako gaba ɗaya.

Efren ya leƙo, kofi a hannu.
Ya ce, ki amsa mata mana.
Irin waɗannan su ne ke yaɗa mana kyauta.