Rigar Gwanjo

Dammunan gero na shigowa gari bisa amalanke
ran da na shiga sizyem da shuɗiyar riga.
Baba ya zaƙulo ta cikin tulin gwanjo,
dala tamanin, bayan ciniki har da rantsuwa.
Farin rubutu layi biyu kwance a ƙirjinta,
babu mai karanta shi a gidanmu.
Ni na yanke cewa sunan ƙungiyar ƙwallo ne,
na riƙa tafiya ina banƙaro shi gaba.

Ajinmu rumfar zana ce a Sura Bildi,
mu tamanin da bakwai, littafi ɗaya ga kai biyar.
Shekara shida ina kokawa da Faransanci,
bai faɗi ba, ban faɗi ba,
sai ga ƙanensa ya shigo fili yana ɗaura warki.

Mushe Arzika ya jingine kekensa jikin dogon yaro,
ya dubi ƙirjina, ya dubi fuskata,
ya juya ga tabulo, kafaɗunsa na rawa.
Na ce tari ne ya kama shi.

Ya ce a sa harshe tsakanin haƙora, a hura.
Muka hura. Yawu ya yi yayyafi bisa kaye.
Tsahara ta ƙi, ta ce uwarta ta hana ta
fiddo wa babba harshe.

Akwai kalmomin da na gane da ganin fari:
bokiti, tocila, tebur.
Mushe ya ce sun tsallako ta Ɗan Isa ba takarda,
sun yi aure a nan, sun hayayyafa.
Amma aikatau masu taurin kai fa?
Yau fuska ɗaya, jiya wata daban,
kamar mai cin bashi ya hango mai kuɗi.

Jarrabawar farko, huɗu bisa ashirin.
Na naɗe takardar, na sayi ƙosai a cikinta.
Ta biyu, bakwai da rabi.
Rabin nan na fi so, don shi na ƙwata da roƙo.

Watan Mayu, zafi ya kwantar da awaki ƙarƙashin benci,
Mushe ya zana itace, ya rataya dangi ga rassa:
ga uwa, ga uba, ga ƙanwa,
can ƙololuwa wata doguwar kalma.
Na san ta. Ina na san ta?
Na sunkuya, ga ta a ƙirjina, kai ƙasa.
Tunau ya riga ni haɗa baƙaƙen,
ya zame daga benci yana riƙe da ciki.

Tashi, in ji Mushe, fassara mana.
Na tashi, gwiwa na kaɗawa.
Na ce, wai,
kakar da ta fi kowace kaka a duniya.
Rumfa ta girgiza har ƙadangaru suka zubo.
Bai tsawata ba. Ya jira dariya ta ƙare,
ya ce, wata bakwai ke nan ina jiran ka karanta kanka.

Da marece na iske Gwamma tana murza ƙuli,
na ninke rigar, na aza mata bisa cinya,
na faɗa mata abin da ke rubuce.
Ta ce, kai miji marowaci, sai yau ka yi mini tufa?
Ta shafa baƙaƙen da yatsa mai maiƙo.
To, wa ya kai wa Turawa labarina?

Ruwan farko ya ɗauke rumfarmu cikin dare,
muka ƙarasa shekara ƙarƙashin dogon yaro.
Tara na samu. Ban kai rabi ba.
Gwamma na zama bakin tasha da tirenta,
shuɗiyar riga a ƙarƙashin gyale,
mai saye ya tambaya, ta ce jikana ya sani.

Ni kuwa yanzu babu ƙirjin da ke wuce ni a kasuwa.
Jiya na karanta na wani ɗan kabu-kabu.
Na gane sarai.
Ban faɗa masa ba, yana da girman jiki.