Ludayin Kaka Bok-rye

Ludayi ɗaya kakata ta mallaka,
gindinsa baƙi ƙirin, hannunsa naɗe da tsumma.
Shekara talatin da huɗu tana tsugune da shi
a ƙasan matakalar wata firamare a Yeongdo,
inda iskar teku ke hawowa da ƙarnin kifi.

Sukari cokali biyu. Garwashin kwal.
Ta juya da tsinke, ta juya,
har ya narke ya yi launin shayin da ya kwana.
Sai ta dangwali soda,
kan tsinke kawai,
"mai haɗama ɗaci zai ci,"
nan take abin ya kumbura
kamar kwaɗon da aka zaga.
Ta kife shi a faranti, ta danne,
ta buga masa tauraro a tsakiya.

Mu 'yan Busan jjokja muke cewa.
Kakana mutumin Daegu ne, gukja ya sani,
duk biyun kuwa ludayi suke nufi,
amma a kan haka sukan kwana ba magana.
Wani malami daga Seoul ya ce ppopgi,
ta ba shi canjinsa ba ta ɗago kai ba.
Wani baturen jirgin ruwa mai jan gemu
ya gwada mata da hannu:
a garinsu, wai, kauri gare ta kamar bulo,
da guduma ake fasawa, a tsoma a cakulan.
Ta yi dariya har sukarin ya ƙone.

Yara kan jeru da allura,
harshe a waje, numfashi a riƙe,
wanda ya fitar da tauraronsa bai karye ba
ya ci ɗaya kyauta.
Ni ban taɓa ci ba.
Kullum ƙafa ta biyar ke cewa ƙas.

Yanzu ludayin yana hawa na sha tara,
a kan murhun gas da bai san haƙuri ba.
Jiya na ƙona uku kafin ɗaya ta tashi.
'Yata Seul-bi ta ce, "Dalgona!"
Na buɗe baki zan gyara mata,
sai na ji muryar kakana a maƙoshina, na yi shiru.

Ta gatsa. Ƙurus.
Ta duba ramukan ciki, ta ce, "Ai duk iska ce."
Haka ne.
Da iskar nan aka biya wa uwata makaranta.