Mai Ɗinkin Kan Kunkuru

A ƙarƙashin filin wasa, can Orlando,
akwai ɗakin da ba ya cikin taswirar baƙi.
Nan nake zaune da zare da allura,
shekara talatin da ɗaya,
ina ɗinke murmushin da ya yage.

Sunana Marisela.
Ba wanda ya biya kuɗin ƙofa don ya gan ni.
Kunkuru mai jar hula suke zuwa gani,
ni kuwa ta ciki na san shi:
warin gumi, soson da ya mutu,
da 'yar fankar da ke huci kamar tsoho mai asma.
Mutum goma sha bakwai suka shiga kan nan a idona.
Ɗaya ta zama nas a Tampa.
Ɗaya ya suma a watan Agusta,
aka janye shi ta ƙofar baya
don kada yara su ga kunkuru a ƙasa.

Jiya manaja ya sauko, Mista Pruitt,
da takalmin da bai san zafin kwalta ba.
Ya ce baƙi sun ragu,
amma riba ta ƙaru, a yi tafi.
Muka yi tafi.
Na tuna zamanin da direban bas
ke kawo 'ya'yansa huɗu da albashin mako,
ya saya musu askirim, ya koma gida da canji.
Yau layin ma gida biyu ne,
na mai haƙuri da na mai kati.
Wanda ya biya ya wuce yana kau da kai,
ɗan wanda bai biya ba yana ƙirga su da yatsa.

Ran Asabar na kawo jikana Yadiel
da tikitin ma'aikata.
Lilon da ya sa uwarsa ihu har murya ta dushe,
ya hau, ya sauko, ya ce, "Ba laifi."
Wuta ta fashe a sama, kore da ruwan zinariya,
shi yana leƙenta ta gilashin waya.
A tafin hannunsa akwai duniya dubu,
ba layi, ba rana, ba kuɗin ƙofa.
"Kiɗa ya canza, Kaka," in ji shi,
"ku kuna nan kuna tsohuwar rawa."

Na sama suna da dabara, ban musa ba.
Su ɗauko tsohon labari su sake masa fenti,
su laƙa masa lamba biyu, lamba uku,
miyar jiya ana ƙara mata ruwa.
Tana raka tuwo, ban ce a'a ba,
amma harshe ya san ta kwana.

To, zai ɗore?
Odalys da ke guga kusa da ni
ta ce babban itace ba ya faɗuwa da sara ɗaya.
Na ce gara ba ta sara, ci take a ɓoye.
Ta ce bakina ya cika ɗaci.

Sai ga shi da yamma, muna hanyar fita,
wata yarinya, ba ta wuce shekara uku ba,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan Allah kaɗai ya san inda yake,
ta fizge daga hannun ubanta,
ta rungume ƙafar kunkuru, ta ƙi saki.
Uban na duba rasit, fuska a murtuke.
Ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallo.
Ya ninke takardar ya tura aljihu.

Yadiel ya sauke waya.
Daƙiƙa biyar, na ƙirga.
Ya ce, "Ke kika ɗinka hular nan?"
Na ce ni ce. Sau tara.

Ban sani ba ko kamfanin zai ga jikokinsa.
Litinin dai an kawo mini wandon kunkuru,
gwiwa ta yi danƙo da alewa,
ɗinki ya saki daidai inda ta riƙe.
Na lashi bakin zare, na nufi hujin allura.
Ido ba kamar da ba.
Sai a karo na uku ya shiga.