Ƙarar da Ba Ta Son Shaida

Motar mahaifina ta girme ni da shekara ashirin.
Buick ce, koriya kamar ɗanyen mangwaro,
ta tsufa a titunan Matanzas
ba ta taɓa kwana a hanya ba.
Sai wata Talata, rana ta faɗi, ina kan gadar San Juan,
na ji: ƙis, ƙis, ƙis,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida.

Na taka totur, ta bi ni da gudu.
Na saki, ta yi luf.
Da safe na kai ta gareji, ta yi gum,
kamar yaron da ciwon cikinsa ke warkewa
a ƙofar asibiti.

Yusniel ya ce bawul ne. Ya kwance, ya auna, ya ɗaure.
Da yamma: ƙis, ƙis.
Wani ya ce fanbel, muka sake fanbel.
Wani ya rantse da kabarin uwarsa boris ne,
in nemi mai saye tun inji bai yi mini sallama ba.
Kwana tara ban ɗauki fasinja ba,
kwana tara tukunya tana hararata.

Sai aka ce, je ki wurin Anselmo.
Shekara tamanin da ɗaya, kunnen hagu ya mutu,
na dama yana haɗa kaya.
Na ce a raina, kurma ne zai kamo ƙara?
Ya ɗauko doguwar sukundireba,
ya dasa bakinta a jikin inji,
ya ciji ƙotar da ragowar haƙoransa,
ya lumshe ido.

Ashe da haƙori yake ji.

Ya zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, har takwas,
yana gyaɗa kai kamar mai gaisawa da tsofaffin abokai.
"Cikinta ƙalau," in ji shi.
"Odalys, wane lokaci take miki magana?"
Na ɗaga murya: in duhu ya fara.
Ya yi dariya har da tari.
"To kunna fitilu. Duka."

Ƙis, ƙis, ƙis.
Da rana tsaka, gaban shaida.

Fitila na jan wuta, dainamo na jin nauyi,
in ya ji nauyi sai ya girgiza.
Ya zura hannu bayansa, inda ido bai kai,
ya lalubo, ya yi tsaki, ya sake lalubowa,
ya fito da wani abu baƙi ƙirin da tsohon mai.
Ya goge a wandonsa.

Cokali.
An daka shi da guduma har ya baje,
an cusa shi ya tokare ƙarfen da notinsa ya ci.
Ya yi aikinsa shiru shekara talatin
har ya siɗe, ya sami wurin rawa.
A wutsiyarsa ga ƙaramar fure da na sani.

Goma sha biyu ne, kyautar auren mahaifiyata.
Tun ina 'yar firamare suka koma sha ɗaya.
Fermina maƙwabciya ta shigo aron sukari ranar,
daga nan ko gaisuwa.
Baba yana zaune yana shan kofinsa
duk lokacin da aka tayar da zancen,
yana kallon rufi
kamar mai lissafin inda ke yoyo.

Anselmo ya sa sabon noti, ya ƙi karɓar kuɗi,
ya ce in kawo masa taba in na samu.

Na ajiye cokalin a gaban Mama.
Ta juya shi, ta sake juyawa.
"Ubanki," ta ce,
ba ta ƙarasa ba.
Ta daɗe tana neman takalmin fita.
Fermina ta koma Cárdenas wurin ɗanta,
tafiyar kusan awa guda, ga dare.

Na kunna fitilu.
Muka haye gada, babu ƙis,
sai numfashin Mama
da jakar da ta matse a cinya.